An cire wa Mma matsarmama, to ina ruwan ɗacin yake bi yanzu?

ƊanAboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu ilimin asibiti da ke cikinmu. An yi wa Mma aiki, an cire mata matsarmama saboda tsakuwa. Alhamdu lillahi ta tashi, tana shan koko, tana zagayawa da ƙafarta. To sai Kawu ya zo dubiya ya ce wai duk wanda aka cire wa matsarmama, ruwan ɗacin ba shi da sauran wurin zuwa, zai riƙa taruwa a hanta har ido ya yi rawaya. Wata maƙwabciyarmu kuma ta ce a'a, ɗacin ma ya ƙare ke nan, jiki ya daina yin sa, don haka Mma da nama mai kitse sun rabu har abada. Mma ta ji duka biyun, hankalinta ya tashi. Wanne ne gaskiya? Kuma tun asali ta ina ruwan nan yake bi?

HajiyaAlabar:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ɗana, ka gaya wa mahaifiyarka ta kwantar da hankalinta. Ni ma an cire mini tawa, an jima. Ina cin waakye da shito, ina cin tuwo da miyar ayoyo, da Sallah ina cin naman layya. Idona bai taɓa canza launi ba.

MahaucinKaase:
Ɗana, ni ban yi karatun likita ba, amma kullum ta Allah hanta tana hannuna. Matsarmama jaka ce kawai manne a ƙarƙashin hanta. Muna yanke ta a hankali don kada ta fashe ta ɓata nama. To bayan an cire ta, in ka yanka hantar kanta ka matsa, za ka ga ruwan nan kore-kore yana tsattsafowa daga wasu ƙananan hanyoyi a cikin tsokar. Wannan ya nuna maka hanta ce mai yin sa, jakar ajiya ce kawai. Kuma doki da jaki da raƙumi ba su da matsarmama sam, haka Allah ya halicce su, suna ci suna narkewa.

Abu_Trotro:
Baba, raƙumi guda, da girmansa, ba shi da matsarmama? Wallahi yau na fara ji.

Ɗalibar_Likita:
Gaskiyar Baba ce, Yaya Abu. Doki, jaki, raƙumi, har da ɓera mai girma na ɗakin gwaji, duk babu. Shanu da tumaki da awaki suna da ita.

Yaya ƊanAboabo, bari in bi maka hanyar tun daga tushe, kamar yadda ake koya mana a jami'ar KNUST ta nan Kumasi. Ƙwayoyin hanta su ne ke yin ruwan ɗaci, dare da rana, wajen rabin lita zuwa lita ɗaya a wuni. Tsakanin ƙwaya da ƙwaya akwai 'yan kwaroro siraran da ido ba ya gani sai da madubin likita. Nan ruwan yake fara zuba. Waɗannan su haɗu su zama ƙananan bututu, kowanne yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da jijiyoyin jini biyu, sai dai jini yana shiga cikin hanta ne, shi kuwa ɗaci yana fita. Ƙananan su yi ta haɗuwa suna kauri har a samu manya biyu, bututun dama da bututun hagu. Su biyun suna fitowa ta ƙofar hanta, a ƙasanta, su haɗe su zama guda ɗaya.

Nan ne matsarmama take shigowa labarin. Tana da ɗan wuyanta siriri wanda yake zuwa ya sadu da wannan babban bututu daga gefe. Daga mahaɗar zuwa ƙasa shi ake kira babban bututun ɗaci, tsawonsa wajen santimita 7 zuwa 8. Yana bi ta bayan farkon ƙaramin hanji, ya ratsa ta kan fankiriyas, wato gaɓar nan mai yin insulin, yawanci ya haɗu da bututun fankiriyas ɗin, sannan su buɗe cikin hanji ta baki ɗaya. A bakin akwai wata tsoka mai zagaye da ke tsukewa da saki. Sunan wani ɗan Italiya, Ruggero Oddi, aka sa mata, shi ya yi bayaninta a 1887 yana ɗalibi.

Idan ba a cin abinci, tsokar tana tsuke, sai ruwan ya koma baya ya shiga matsarmama. Ita ba ta ɗaukar fiye da mililita 30 zuwa 50, amma tana tsotse ruwa daga cikinsa har ya yi kauri ninki biyar zuwa goma. Da abinci mai maiƙo ya iso hanji, sai hanjin ya saki wani sinadari a jini, matsarmama ta matse, tsokar ta saki, ɗaci ya kwararo. Ka ɗauka famfo ne ya taso daga titi zuwa gidanka, ka jona tankin ruwa na Polytank a gefe. In aka ɗauke tankin aka toshe inda aka jona, famfo yana nan yana kawo ruwa, ajiya ce kawai ka rasa. To haka lamarin Mma yake. Ɗaci yana nan, hanyarsa tana nan, sai dai yanzu yana zuba cikin hanji kaɗan-kaɗan.

ƊanAboabo:
Allah ya saka da alheri ƙanwata. Na karanta wa Mma, ta ce in tambaye ki, shi wannan ɗacin amfanin me yake yi da har jiki yake yin lita guda?

Ɗalibar_Likita:
A gaishe ta. Aiki biyu. Yana farfasa maiƙo don hanji ya iya tsotsewa, tare da bitamin A da D da E da K masu bin mai. Sannan hanya ce ta zubar da shara. Jajayen ƙwayoyin jini suna yin kamar kwana 120 su mutu, abin da ya rage daga gare su mai launin rawaya, bilirubin, hanta ce take kwashewa ta zuba cikin ɗaci. Shi ne yake ba bayan gida launinsa. Gishirin ɗacin kuwa jiki ba ya asararsa, kusan kashi 95 cikin 100 ana sake tsotse shi a ƙarshen ƙaramin hanji ya koma hanta.

SistaTiyata:
Bayani ya yi kyau. Amma kada a wanke maganar Kawu gaba ɗaya, akwai inda take da ƙamshin gaskiya. Ɗaci yana iya taruwa bayan aiki, ba don an cire jakar ba, sai don babban bututun ya toshe. Wani lokaci tsakuwa ta riga ta sulale daga matsarmama ta faɗa cikinsa kafin aiki, ta maƙale a can ƙasa inda ya fi ƙunci. Wani lokaci kuma bututun ne ya samu rauni a wurin aiki, daga baya ya tsuke. Alamomin da za ku sa wa ido: ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu sosai, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya kama ƙaiƙayi. In aka haɗa da zazzaɓi da rawar ɗari da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wannan ba na jira gari ya waye ba ne, ƙwayar cuta ta shiga ruwan da ya tsaya, tana iya shiga jini. A ɗauki taksi a tafi asibiti ko tsakar dare ne.

Ummu_Asawase:
Sista, abin da kika faɗa ya faru da yayata. An yi mata aikin huji da kyamara a wani asibiti, aka sallame ta, ba a daɗe ba ciki ya kumbura, ciwo kamar ranta zai fita. Da muka koma aka ce ɗaci ne yake yoyo a cikin ciki. Sai da aka tura ta wani wuri aka zura mata bututu ta baki aka sa wani ɗan roba a hanyar. Ta warke, amma mun sha wuya, kuɗi sun tafi. Ni har yau ina ganin sakaci ne.

SistaTiyata:
Sannu 'yar uwa, Allah ya mayar da alheri. Ban ga takardunta ba, ba zan ce sakaci ne ko ba sakaci ba. Abin da zan gaya miki shi ne, hanyoyin nan ba iri ɗaya suke a jikin kowa ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi hana likitocin tiyata sakewa. Tsarin da ƙanwarmu ta zana shi ne na littafi, kuma bai wuce mutum shida cikin goma ke da shi daidai haka ba. Wani Bafaranshe, Claude Couinaud, ya raba hanta kashi takwas a shekarun 1950, kowane kashi da jijiyar jininsa da bututun ɗacinsa. Na 2 da 3 da 4 suna zuba a bututun hagu. Na 5 da 8 suna da reshen gaba na dama, na 6 da 7 reshen baya na dama. Na 1 yana zuba a duka ɓangarorin. To wannan reshen baya na dama shi ne mai yawo. A wasu mutane yana tsallakawa ya zuba a bututun hagu. A wasu rassan uku su haɗu wuri ɗaya. A wasu ya sauko ƙasa can kusa da wuyan matsarmama, daidai inda wuƙa take aiki. Shi ma wuyan matsarmama wani gajere ne ƙwarai, wani dogo ne yana tafiya manne da babban bututu, wani ya zagaya ta bayansa. Akwai kuma 'yan sirara a shimfiɗar da matsarmama take kwance, in aka ɓanɓare ta suna iya yoyo ba a gani ba.

Shi ya sa doka a tiyata ita ce, kada a ɗaure ko a yanke komai sai an share wurin an ga abu biyu kacal ne ke shiga matsarmama, wuyanta da jijiyar jininta. Wurin ɗan kusurwa uku ne, ana kiransa da sunan wani likita, Calot, wanda ya bayyana shi a 1891. In matsarmama ta kumbura ta manne da maƙwabta, wurin nan ba ya ganuwa, nan haɗari yake.

Ummu_Asawase:
Na ji Sista. Amma da sun gaya mana haka kafin aiki, da mun koma da wuri. Takarda kawai aka ba mu aka ce mu sa hannu.

MalamYalwa:
Salamu alaikum. Ina bin ku tun ɗazu. Ku yara kuna ta maganar wuƙa da kyamara. Shawara ba yau ta zo duniya ba. Iyayenmu da suka zo fataucin goro daga Kano da Sakkwato suka zauna garin nan, da sassaƙe da saiwa suke maganinta, kuma ana warkewa. Na ga wanda ido ya yi rawaya, ya sha jiƙo, ya washe.

Ɗalibar_Likita:
Allah ya gafarta Malam, ba na musun abin da ka gani. Sai dai rawayar ido ba cuta ɗaya ba ce. Akwai wadda jini ne yake fashewa da yawa, kamar a maleriya mai tsanani ko sikila. Akwai wadda hantar kanta ce ta kumbura, kamar ciwon hanta nau'in A, wanda yawanci yakan tafi da kansa cikin 'yan makonni, an sha jiƙo ko ba a sha ba. Ta uku ita ce toshewar bututu, da tsakuwa ko ƙari a kan fankiriyas ko a bututun kansa. Wannan babu abin sha da zai buɗe ta. Daga waje duka ukun ido rawaya ne, gwajin jini da sikan ne ke raba su.

MalamYalwa:
'Yata, Allah ya yi miki albarka. Ni dai ban yarda a raina na gida ba. Amma na yarda a fara gwaji a san wace iri ce.

SistaTiyata:
Malam, mu ma abin da muke roƙo ke nan. Kuma a tuna hanta mai ciwo ita za ta tace duk abin da aka sha. Mai ciwon hanta nau'in B, wanda yake da yawa a nan Gana, kada ya sha haɗe-haɗen cikin kwalba da ake tallarsu a kasuwar Kejetia da cikin mota ba tare da an san abin da ke ciki ba.

MahaucinKaase:
Tun da an zo maganar toshewa, mu ma muna ganinta a shanu. Akwai tsutsar hanta mai faɗi, siffar ganye, a cikin hanyoyin ɗacin take zama. Hantar da ta daɗe da ita, hanyoyin sun yi kauri sun yi fari, wuƙa tana ƙara in ta bi ta kai. Likitan dabbobi yana gani zai ce a zubar. An fi samunta a shanun da suka yi kiwo a fadama da bakin ruwa. Sai kuma tsakuwar matsarmamar sa, ba kasafai ake samu ba, amma in an samu akwai masu saye da tsada, ana kai wa Sin a yi magani.

Abu_Trotro:
Baba, mutum zai iya ɗaukar tsutsar nan in ya ci tsiren hanta?

Ɗalibar_Likita:
Ba ta nan aka fi ɗauka ba, Yaya Abu. Rayuwarta sai ta bi ta cikin dodon koɗi na ruwa, daga nan ta manne a ciyawa da ganyen bakin ruwa. Mutum yana ɗauka ne in ya ci ɗanyen ganyen da ya tsiro a irin wurin, ko ya sha ruwan. Amma dai a gasa hanta ta nuna. Tsutsar ciki doguwar nan ma wani lokaci tana hawa ta bakin da na faɗa ta shiga bututun.

MamanSikila_Tafo:
Ni tambayata daban. Ɗana mai sikila, shekararsa 14, an yi sikan an ga tsakuwa. Na ɗauka ciwon manyan mata masu jiki ne. Yaro siriri ina ya samo?

MaiSikan_Nima:
Gaisuwa daga Ankara, babban birnin Gana. Hajiya, tsakuwa iri biyu ce. Ta manya masu jiki yawanci ta kolestarol ce. Ta masu sikila baƙa ce, ƙanana, daga bilirubin ɗin da ƙanwarmu ta ambata. Jininsu yana mutuwa da wuri, cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120, sai sharar ta yi wa ɗaci yawa ta daskare. Muna ganin haka a yara sosai. Ki gaya wa likitansa na asibitin sikila, don ciwon tsakuwa yana iya kama da tashin ciwon da kuka saba, a yi ta ba da maganin zafi alhali matsalar wani wuri take.

Ga ƊanAboabo kuma, abin da muke aunawa a sikan shi ne faɗin babban bututun. A babba mai lafiya bai cika wuce milimita 6 ba. Da tsufa yana ɗan ƙaruwa, kuma wanda aka cire wa matsarmama nasa yana iya kai wa wajen 10 ba tare da wata matsala ba. Don haka in an yi wa Mma sikan nan gaba, ku fara gaya wa mai yi cewa an yi aiki. Ƙarshen bututun na ƙasa yana wuyar gani saboda iskar hanji tana tare shi, in ana zargin tsakuwa a can sai a tura hoton MRI na hanyoyin ɗaci.

Inna_SabonZango:
Ku bar ni in sa baki don masu jego. Jikata ta zo da shawara, kowa ya ce a shanya ta a hantsi. Mako uku bai tafi ba, kashinta fari, fitsari yana rina zane. A asibitin Komfo Anokye aka ce hanyoyin ɗacin ne na wajen hanta suka shafe, aka yi mata aiki. Ku riƙa duba kashin jarirai da idonku, a cikin haske.

SistaTiyata:
Inna, kin taimaki mutane da wannan. Aikin da ake yi sunan wani likitan Japan, Morio Kasai, yake ɗauke da shi, tun shekarun 1950. Ana ɗauko hanji a jona shi kai tsaye a ƙofar hanta, don 'yan ƙananan hanyoyin ciki su zuba a nan. Ya fi yin nasara in an yi shi kafin jariri ya cika kwana 60. Duk jaririn da rawaya ta wuce mako biyu a kai shi a gwada. Ita ma rawayar kwanakin farko ba a wasa da ita in ta yi yawa, tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma hantsi ba ya wadatarwa. Sannan a raba kayan jariri da ƙwallon kafur na cikin akwati, yana fasa jinin yaran da ke da ƙarancin G6PD, wato sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, kuma muna da irin yaran da yawa.

Abu_Trotro:
To ni abin da ban gane ba, in tsakuwa ce matsala, me ya sa ba a buɗe jakar a kwashe a ɗinke ba? Allah bai halicci abu a banza ba.

Ɗalibar_Likita:
An gwada haka a da. Jakar da ta yi tsakuwa sau ɗaya tana sake yi, don ba ta matsewa yadda ya kamata. Shi ya sa tun 1882, da Carl Langenbuch ya fara cire ta ɗungurungum a Balin ta Jamus, aka koma wannan hanya. Amma tsakuwar da aka gani a sikan ba ta damun mai ita, sau da yawa ba a taɓa ta.

MalamYalwa:
Abu ya yi magana. Ni ma raina bai kwanta da cire gaɓa ba in akwai wata hanya.

ƊanAboabo:
Na gode kwarai jama'a. Na fahimci ɗaci bai ƙare ba kuma yana da hanya. Saura maganar kitse. Hajiya ta ce tana cin komai, maƙwabciya ta ce har abada. Mma tana son wagashi, wato cukun madarar shanu, soyayye.

HajiyaAlabar:
Ta ci abinta, kaɗan-kaɗan da farko.

Ummu_Asawase:
Hajiya, ba kowa ba. Yayata har yanzu in ta ci miyar gyaɗa mai mai da yawa sai ta yi ta zarya banɗaki. Jiki da jiki akwai bambanci.

SistaTiyata:
Duka biyun ana gani. Yawanci makonnin farko a rage suya, a ci kaɗan sau da yawa, sai a riƙa ƙarawa ana lura. Wasu gudawa takan dame su saboda ɗacin da ke zuba ba tsayawa, akwai maganin da ke kama shi a hanji in abin ya daɗe. Ranar komawa asibiti ka tambayi likita ko an duba babban bututun, kuma me gwajin hanta ya nuna kafin aiki.

Zainabu_Oforikrom:
Salamu alaikum, yanzu na shigo. An rubuta mini sikan ɗin ciki jibi, an ce kada in karya kumallo. Ko koko ma? Ina da ciwon suga, ina tsoron jiri.

MaiSikan_Nima:
Ko koko, 'yar uwa. In kika ci, matsarmama za ta matse ta ƙanƙance, ba za mu ga cikinta ba. Awa 6 zuwa 8 ake so, ruwa zalla kaɗan ba laifi. Ki kira su gobe ki ce kina da suga su sa ki a sahun farko da safe, ki tambayi likitanki yadda za ki yi da maganin safiyar, kuma ki tafi da abinci a jaka ki ci da an gama.